Rudolph Minkowski, masanin da ya rarrabe taurari masu fashewa

Mulkin 'yan Nazi ya raba shi da aikinsa da kuma ƙasarsa ta haihuwa, amma a gudun hijira ya shimfiɗa ƙa'idar da masana ilmin falaki ke bi har yau wajen tantance nau'in tauraron da ya tarwatse.

A ranar 19 ga watan Mayun shekara ta 2023, wani ɗan ƙasar Japan mai sha'awar nazarin sararin samaniya, Koichi Itagaki, ya hangi wani ɗigon haske da ba a san da shi ba a cikin gungun taurarin da masana ke yi wa laƙabi da M101. Cikin 'yan sa'o'i kaɗan wata na'urar hangen nesa da ke tsibirin La Palma na ƙasar Sifen ta warware hasken nan, ta gano alamar iskar haidurojin a cikinsa, aka kuma ba da sanarwar cewa wani tauraro ne ya fashe, kuma fashewar tasa ta nau'i na biyu ce. Tambayar farko da masanan suka yi wa wannan haske, wato ko akwai haidurojin ko babu, tambaya ce da wani mutum ya tsara tun a shekara ta 1941. Sunansa Rudolph Minkowski, kuma ko a tsakanin 'yan boko ba kowa ne ya taɓa jin labarinsa ba.

An haifi Rudolph Leo Bernhard Minkowski ran 28 ga watan Mayun 1895 a birnin Strasbourg, wanda a zamanin yake ƙarƙashin daular Jamus, a yanzu kuma yake cikin ƙasar Faransa. Zuriyarsu asalinta Yahudawa ne daga yankin Lituwaniya, ko da yake mahaifinsa ya karɓi addinin Kirista. Gidan nasu gidan ilimi ne na gani na faɗa. Mahaifin, Oskar Minkowski, likita ne wanda a shekara ta 1889 shi da abokin aikinsa Joseph von Mering suka cire wa wani kare gaɓar nan da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, suka ga karen ya kamu da ciwon sukari. Wannan gwaji na daga cikin abubuwan da suka share fagen gano maganin insulin bayan shekaru talatin da 'yan kai, saboda haka duk mai fama da ciwon sukari a yau yana da ɗan abin da ya haɗa shi da wannan gida. Baffansa kuwa, Hermann Minkowski, gwanin lissafi ne da ya koyar da Albert Einstein a birnin Zurich, kuma shi ne a shekara ta 1908 ya ba da fasalin lissafin da ya haɗe lokaci da wuri a matsayin abu guda. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Rudolph ya yi karatun kimiyyar fiziks a jami'ar Breslau, birnin da a yau ake kira Wroclaw a ƙasar Folan. Yaƙin duniya na farko ya katse masa karatu, inda ya yi aikin soja a rundunar Jamus, sai a shekara ta 1921 ya sami digirinsa na dokta a ƙarƙashin malaminsa Rudolf Ladenburg. Bayan ɗan zama a Göttingen ya koma jami'ar Hamburg a shekara ta 1922, ya kuma zauna a can shekaru goma sha uku har ya kai matsayin farfesa.

Wani abin lura shi ne cewa a duk tsawon waɗannan shekaru Minkowski mutumin ɗakin gwaji ne, ba ruwansa da kwana a kan dutse yana kallon taurari. Fanninsa shi ne karanta haske, kuma wajibi ne mu ɗan tsaya a nan domin sauran labarin ya dogara a kai.

Kowa ya san bakan gizo, yadda ɗigon ruwan sama ke warware farin hasken rana zuwa launuka dabam-dabam tun daga ja har zuwa shuɗi. Masana suna da na'urar da ke yin wannan aiki ga kowane irin haske, kuma abin da take fitarwa shi za mu kira bakan haske. Idan aka dube shi da kyau za a tarar da wasu siraran layuka a jikinsa, waɗansu masu haske waɗansu masu duhu, kuma kowane sinadari yana da nasa layukan a gurabe na musamman, tamkar dai yadda zanen fuska yake nuna asalin mutum a da. Duk wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a kan wutar risho ya ga harshenta ya koma ruwan ɗorawa, to ya ga alamar sinadarin sodiyom ke nan da idonsa. A kan irin waɗannan layuka na sodiyom Minkowski ya yi bincikensa na farko, yana neman dalilin da ya sa layi ke faɗi ko ya tsuke. A birnin Hamburg ya haɗu da wani masanin falaki mai suna Walter Baade, suka ƙulla abota, har ma suka yi aiki tare a kan hasken gajimaren iskar da ke cikin taurarin Orion.

Guguwar 'yan Nazi

A watan Afrilun 1933, watanni kaɗan bayan da Adolf Hitler ya ɗare kan karagar mulki, gwamnatinsa ta kafa dokar korar duk masu asalin Yahudanci daga aikin gwamnati, ciki har da jami'o'i. Dokar ba ta duba addinin da mutum yake bi ba, jinin kakanninsa kawai take ƙirgawa. Da farko an ɗaga wa waɗanda suka yi wa Jamus yaƙi ƙafa, amma a shekara ta 1935 wannan sassauci ya ƙare. Aka ƙwace wa Minkowski matsayinsa na farfesa aka kuma hana shi koyarwa, yana ɗan shekara arba'in, ga iyali. Baade, wanda tun 1931 ya koma aiki a cibiyar nazarin taurari ta Dutsen Wilson da ke jihar Kalifoniya a Amurka, shi ya tsaya masa har ya sami gurbin mataimakin mai bincike a can. Farfesa ya koma mataimaki, a fannin da ba nasa ba, cikin harshen da ba nasa ba. A shekara ta 1940 ya zama ɗan ƙasar Amurka.

Ya isa Kalifoniya ne a daidai lokacin da ake buƙatar irinsa. Shekara guda kafin zuwansa, Baade da wani masani ɗan Suwizalan mai zafin kai, Fritz Zwicky, sun gabatar da ra'ayin cewa akwai wata irin fashewar tauraro da ta zarce duk wadda aka saba gani, suka raɗa mata suna sufanoba. Suka ce a lokacin wannan fashewa tauraro guda kan yi hasken da ya doshi na ɗaukacin gungun taurarin da yake ciki, kuma abin da yake saura shi ne wani ɗan dunƙule mai tsananin nauyi da suka kira tauraron nutron. Masana da yawa sun ɗauki zancen a matsayin shaci-faɗi. Domin kawo hujja Zwicky ya shiga farautar irin waɗannan taurari a Dutsen Palomar da wata ƙaramar na'ura mai faɗin inci 18, Baade ya ɗauki nauyin auna yadda haskensu ke ƙaruwa da raguwa, aikin warware hasken kuma ya faɗo a kan Minkowski.

A watan Agustan 1937 Zwicky ya yi babban kamu. Wani tauraro ya fashe a cikin wani ɗan ƙaramin gungun taurari mai lamba IC 4182, a nisan shekarun haske tsakanin miliyan 13 zuwa 15. Shekarar haske ita ce tazarar da haske ke ci a shekara guda, kimanin kilomita tiriliyan tara da rabi, amma duk da haka a ma'aunin masana wannan gungu maƙwabcinmu ne. Tauraron ya ninka hasken gungun nasa baki ɗaya kusan sau ɗari. Makonni kaɗan bayan haka Zwicky ya sake gano wani a gungun NGC 1003. Minkowski ya bi waɗannan taurari biyu wata da watanni da manyan na'urorin Dutsen Wilson masu faɗin inci 60 da inci 100, yana ɗaukar bakan haskensu a kan faifan gilashi na hoto. Aiki ne na haƙuri, domin kuwa faifai guda kan ci sa'o'i da dama a cikin sanyin dare, mutum na zaune ido a kan na'ura don kada tauraron ya goce, kuma duk wata da ya shige tauraron ƙara dusashewa yake yi.

Abin da ya gani ya ɗaure masa kai. Maimakon siraran layukan da ya saba da su a ɗakin gwaji, sai ga waɗansu faffaɗan tuddai da kwaruruka na haske waɗanda ba su yi kama da na kowane sinadari da aka sani ba. A yau an san dalili. Iskar da tauraron ya watsar tana gudun kilomita dubu goma ko fiye a daƙiƙa guda, wani sashe ya nufo mu wani ya ba mu baya, kuma kamar yadda ƙarar hon ɗin mota ke canzawa sa'ad da ta wuce mutum da gudu, haka launin haske ke gocewa, har layuka ɗaruruwa su dagule su hau kan juna. A rahotonsa na 1939 Minkowski ya bayyana abin da ya auna dalla-dalla ba tare da ya iya faɗin sinadaran da ke ciki ba. Amma ya tabbatar da wani abu muhimmi: bakan hasken taurarin biyu kusan iri ɗaya ne, kuma suna sauyawa da tsari guda daga mako zuwa mako, ta yadda da ganin faifai mutum zai iya ƙiyasta kwanakin da fashewar ta yi. Kazalika babu alamar haidurojin a cikinsu, abin mamaki ainun, tun da yake wannan sinadari shi ne mafi yawa a jikin taurari.

Sai a watan Mayun 1940 wata fashewar ta bayyana a gungun NGC 4725. Wannan karo bakan hasken ya fara ne sumul, mai shuɗi irin na abu mai tsananin zafi, daga bisani kuma layukan haidurojin suka fito ɓaro-ɓaro. A shekara ta 1941 Minkowski ya buga wata gajeriyar maƙala da ba ta wuce shafi biyu ba, inda ya jera fashewa 14 da aka sami bakan haskensu. Tara daga ciki, masu kama da na 1937, ya sanya su a nau'i na ɗaya. Sauran biyar ɗin ya ce nau'i na biyu ne. Shi da kansa ya ɗauki wannan rabo a matsayin na wucin gadi, ga shi kuwa ya haura shekaru tamanin ana aiki da shi.

Ko shakka babu, a nan ne halin mutumin ya fito. Zwicky, wanda ya fi shi suna da baki, daga baya ya ƙara nau'i na uku da na huɗu da na biyar, amma masana sun yi watsi da su. Minkowski bai wuce abin da faifansa ya nuna masa ba, shi ya sa rabonsa ya tsaya ko da yake a lokacin babu wanda ya san abin da ke haddasa bambancin. Sai daga ƙarshen shekarun 1960 masana irin su Yuri Pskovskii na Tarayyar Sobiyat suka fara gane cewa kwarurukan nan na nau'i na ɗaya sawun sinadarai ne kamar silikon da kalsiyom da ƙarfe. A tsakiyar shekarun 1980 kuma aka raba nau'i na ɗaya gida uku. Wanda ake kira Ia, mai alamar silikon, fashewar wani wadan tauraro ne fari da ya riga ya ƙone haidurojin ɗinsa, wanda kan tarwatse ƙurmus idan ya ja kaya daga tauraron da ke kusa da shi ko ya yi karo da ɗan'uwansa. Nau'i na biyu kuwa mutuwar ƙaton tauraro ce, wanda nauyinsa ya ninka na rana sau takwas ko fiye, sa'ad da makamashinsa ya ƙare cikinsa ya rufta. An kuma gano cewa Ib da Ic su ma ruftawa ce, sai dai taurarin sun yar da rigarsu ta haidurojin tun kafin ajalinsu. Wato layin da Minkowski ya ja bai faɗa daidai kan iyakar musabbabi ba ɗari bisa ɗari, amma shi ne ya nuna wa na baya inda za su tona.

Daidaiton nan da ya lura da shi a taurarin 1937 ya zo ya yi rana ta inda ba a zata ba. Tun da yake fashewar nau'in Ia kusan ƙarfin haske ɗaya gare su, idan aka ga yadda ɗaya ta dusashe sai a san nisanta, kamar yadda matafiyi ke ƙiyasta nisan ƙauye daga hasken fitilarsa. Da wannan ma'auni ne ƙungiyoyi biyu na masana suka gano a shekara ta 1998 cewa faɗaɗar da sararin samaniya ke yi ƙara sauri take yi, binciken da ya jawo wa Saul Perlmutter da Brian Schmidt da Adam Riess lambar Nobel a shekara ta 2011.

Abin da magabata suka gani

Minkowski bai tsaya ga taurarin da suka fashe a zamaninsa ba, ya koma kan kufan waɗanda suka fashe tun da daɗewa. A nan tarihinsa ya gamu da na malaman duniyar Musulmi. A shekara ta 1006 likitan nan na Masar, Ali bin Ridwan, yana matashi ya ga wani baƙon tauraro a kudancin sama, ya kuma rubuta daga baya cewa girmansa ya ninka na Zara kusan sau uku, yana haskaka sararin da ke kewaye da shi. Masana na wannan zamani sun sanya wannan fashewa a nau'in Ia. A shekara ta 1054 wani ya sake bayyana, wanda masu nazarin sama na fadar sarkin Sin suka ce ana ganinsa har da rana tsaka na tsawon kwanaki 23, kuma akwai ambatonsa a bayanin likitan Bagadaza Ibn Butlan, wani Kirista da ya yi ƙaurin suna wajen jayayya da shi Ibn Ridwan ɗin.

Kufan tauraron 1054 shi ne gajimaren da ake kira Ƙaguwa. A shekara ta 1942 Baade da Minkowski suka yi nazarinsa, Minkowski ya ɗauki bakan hasken wani dusasshen tauraro da ke tsakiyarsa, ya tarar babu layi ko ɗaya a jikinsa, ya kuma nuna shi a matsayin ragowar abin da ya fashe. An ɗauki shekaru 27 kafin a gaskata shi sarai. A shekara ta 1969 aka gano cewa wannan tauraro yana ƙyaftawa sau 30 a daƙiƙa guda, wato shi ne tauraron nutron ɗin da Baade da Zwicky suka yi hasashe.

Bayan yaƙin duniya na biyu ayyuka suka yi masa yawa. Ya gano kusan gajimare 200 na iskar da tsofaffin taurari ke fitarwa, adadin da ya ninka waɗanda aka sani kafinsa. Shi ne kuma ya jagoranci aikin ɗaukar hoton ɗaukacin sararin da ake iya gani daga Palomar, wanda aka fara a 1949 aka kammala a 1958, inda aka ɗauki fiye da yanki 900 na sama, kowanne sau biyu, da faifai mai jin ja da mai jin shuɗi. An san shi da tsanani wajen mayar da duk faifan da bai gamsar da shi ba, kuma cibiyoyin bincike a sassan duniya sun shafe gomman shekaru suna dogaro da wannan taswira.

A farkon shekarun 1950 masu sauraron igiyoyin rediyo daga sama, musamman a Birtaniya da Ostareliya, suna ta jin ƙara daga wasu gurabe ba tare da sanin abin da ke yin ta ba. Da Graham Smith na jami'ar Kambirij ya aiko da ma'aunin gurabe biyu mafiya ƙarfi a shekara ta 1951, Baade da Minkowski suka juya babbar na'urar Palomar mai faɗin inci 200 zuwa can. Ɗaya, Cassiopeia A, ya kasance kufan wata fashewa ce a cikin namu gungun taurarin. Ɗayan, Cygnus A, wani gungu ne can nesa, fiye da shekarun haske miliyan 700. Baade ya haƙiƙance gungu biyu ne suka yi karo, Minkowski ya nuna shakku, har ta kai su ga yin fare a kan abin da bakan hasken zai nuna. Minkowski ne da hannunsa ya ɗauko faifan da ya kayar da shi, ya kuma biya. Daga baya ta bayyana cewa shakkun nasa na kan hanya, domin kuwa ƙarar tana fitowa ne daga kewayen wani gawurtaccen baƙin rami da ke tsakiyar gungun.

A shekara ta 1960, a zagayensa na ƙarshe a kan na'urar inci 200 kafin ya yi ritaya, ya auna bakan hasken wani gungu mai lamba 3C 295, ya tarar layukansa sun goce zuwa ja da kashi 46 cikin ɗari. Hasken ya yi tafiyar kusan shekaru biliyan biyar kafin ya iso faifansa, kuma a wannan rana babu wani abu da ɗan Adam ya taɓa auna nisansa da ya kai shi. A tsakanin gungu-gungun taurari na yau da kullum, an yi shekaru 15 kafin wani ya zarce wannan ma'auni.

Daga nan ya koma jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya ci gaba da aiki tare da masu nazarin igiyoyin rediyo har ya sake yin ritaya a 1965. An zaɓe shi a Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka a 1959, ya kuma karɓi lambar zinariya ta Bruce a 1961. Ya rasu a Berkeley ran 4 ga watan Janairun 1976 yana da shekaru 80 a duniya. Akwai wani rami a bayan duniyar wata da aka sanya wa sunan Minkowski, domin tunawa da shi da baffansa Hermann.

Shekaru 32 bayan rasuwarsa, a 2008, masana suka yi amfani da na'urar Subaru da ke tsibirin Hawaii suka kamo amsa-kuwwar hasken fashewar Cassiopeia A, wato hasken da ya bugi ƙurar sararin samaniya ya karkato, ya iso mana bayan fiye da shekaru 300 da isowar na farko. Da suka warware shi sai suka tarar da haidurojin da hiliyom, suka sanya shi a wani reshe na nau'i na biyu. A cikin wannan shekara suka yi wa tauraron da Tycho Brahe ya gani a 1572 irin wannan gwaji, bakan haskensa ya nuna silikon babu haidurojin, aka rubuta shi a nau'in Ia.